Sai-Gobe Da Kwanaki Biyun Da Ya Ajiye

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Sai-Gobe, a cikin watan Maris na shekarar 1948 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1367 Hijiriyya, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, kan titin da ya gangara daga tashar zuwa kasuwar katako. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana wanda ya ƙarar da rayuwarsa da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya, mahaifiyarsa kuwa ɗinkin hannu take yi a cikin gida. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji.

Laƙabin da aka ambata ba na yabo ba ne. Ya same shi ne yana da shekara talatin da ɗaya, ta dalilin wani alƙawari da ya saɓa wa malaminsa, kuma shekaru arba'in da suka rage masa a duniya ya ƙarar da su ne wajen neman a ba shi damar cika wannan alƙawari. Abin dariyar shi ne ya tashi a tsakiyar agoguna fiye da talatin da ke rataye a bangon shagon mahaifinsa, amma bai san lokaci ba sai da furfura ta fara fito masa.

Karatunsa da Koyon Sana'a

A shekarar 1955 aka sa shi makarantar firamare da ke bayan tashar. Bai yi fice a karatu ba, bai kuma yi na baya ba. Sai dai yana aji huɗu malamin lissafi, wanda daga baya kowa ya riƙa kira Hedimasta, ya shigo aji lokacin hutun tara ya tarar da shi ya kifa wani karyayyen benci yana miƙe tsofaffin ƙusoshi da dutse. Kafin a kaɗa ƙararrawa bencin ya tsaya da ƙafafunsa. Tun daga ranar malamin ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa, kuma da ya kammala firamare a shekarar 1962, shi ya riƙe hannunsa ya kai shi wurin wani babban kafinta a bakin kasuwar katako.

Shekara bakwai ya yi yana koyon aiki. Allah Ya hore masa hannu mai sauri da tsabta, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Walƙiya, domin bencin makaranta mai haɗe da tebur, wanda gwanin kafinta ke kwana biyu a kansa, shi guda biyu yake gamawa tsakanin safe da la'asar. A shekarar 1969 ya sami aiki a wani babban kamfanin kayan katako, inda ya yi shekara goma. A duk tsawon wannan lokaci a bakin teburin aikinsa yake. Wani ne ke sayo katako, wani ke karɓar aiki, wani ke yi wa masu kaya alƙawarin rana, shi nasa a miƙo masa ya yi a yaba. Da yabon ya yi yawa kansa ya kumbura, ya ɗauka wanda ya iya zarto ya iya kamfani.

Aurensa

A shekarar 1974 kamfanin ya tura shi gyaran ƙofofin ɗakin masu jinya a babban asibitin garin, kuma a can ya haɗu da matar da ya aura, ma'aikaciyar jinya wadda kowa, har shi kansa, ke kira Sista. An ce kalmar farko da ta shiga tsakaninsu faɗa ce, domin ta fito ta ce masa ya rage buga guduma, marasa lafiya na hutawa. Mace ce wadda ba ta ɓoye-ɓoye, abin da ke ranta shi ke bakinta. An ɗaura aurensu a ƙarshen wannan shekara, suka zauna a ɗakuna biyu na haya kusa da asibitin, kuma a shekarar 1976 aka haifa masu 'yarsu ta fari.

Masana'antar Farko da Rushewarta

A shekarar 1979 Hedimasta ya yi ritaya, ya tattara abin da ya mallaka ya gina makarantar kansa mai azuzuwa shida, aka tsayar da Litinin, 10 ga Satumba, ranar buɗewa. Yana bukatar bencuna ɗari da ashirin, kowanne na yara biyu, kuma bai yi tunanin kowa ba sai tsohon ɗalibinsa. A cikin watan Yuni ya same shi da maganar. Marigayi ya ga ranar da yake jira ta zo. Ya ajiye aiki, ya kama hayar wata rumfar kwano, ya ɗauki kafintoci takwas, ya kafa allo a bakin titi.

Lissafin da ya yi shi ne ya kashe shi. Ya ce shi biyu yake yi a yini, saboda haka mutum takwas za su yi goma sha shida, kwana takwas an gama.

“Malam, kwana goma ma ya yi mini yawa,” in ji shi. “Ka je ka kwanta da minshari.”

Da yake yana ganin lokaci a gabansa jingim, kuma kunya ba ta barinsa ya mayar da kowa, sai ya shiga karɓar duk aikin da aka kawo: ƙofofi, gadaje, kabad, har da kejin kaji na wata maƙwabciya. Bai waiwayi bencuna ba sai saura mako biyu. Ya shiga kasuwar katako, wurin da aka haife shi a bakinsa amma bai taɓa sayen ko falle ɗaya a ciki ba, aka haɗa shi da ɗanyen katako a tsakiyar damina. Ma'aikatansa kuwa mutane ne kamar kowa, ba wanda ke gama benci ɗaya a yini. In ya ga mutum yana nawa sai ya fizge zarton daga hannunsa ya yi da kansa, in ya ga haɗin da bai yi masa ba sai ya warware a gaban kowa. Kafin mako ya zagayo uku sun ɗauki kayan aikinsu sun tafi. Fentin da aka shafa ya ƙi bushewa saboda danshi.

Kowace la'asar Hedimasta yakan jingine kekensa a bakin rumfar ya yi sallama, marigayi ya fito yana share gumi ya ce, “Sai gobe, Malam, in Allah Ya yarda.” Kwana goma sha ɗaya a jere yana faɗin haka, masu shaguna na kusa suna ji.

Ranar buɗewa bencuna talatin da huɗu ne suka isa makarantar, waɗansu ma sun fara lanƙwashewa. Iyaye suka zo cikin kwalliya riƙe da hannun 'ya'yansu, suka tarar da azuzuwa huɗu fayau, 'yar Hedimasta, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, tana shimfiɗa kwalaye a kan siminti don yara su zauna. Kafin ƙarshen makon fiye da rabin iyayen sun janye 'ya'yansu. Makarantar ta sha da ƙyar, sai da ta yi shekara biyar kafin ta miƙe.

Da marigayi ya je ba da haƙuri, ya durƙusa a ƙofar ofis, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Hedimasta bai ɗaga murya ba.

“Da ka ce mini ba za ka iya ba, da na nemi wani tun da sauran lokaci, kuma da har yanzu kai ɗana ne,” in ji shi. “Tashi ka tafi. Ranar da ka san tsawon yini guda, ka dawo.”

Sauran bencunan wani kafinta aka ba. Sunan Walƙiya ya mutu a wannan mako, kasuwa ta maye gurbinsa da Sai-Gobe, kuma a watan Janairu na 1980 ya rufe rumfar.

Shekarun Komawa Koyo

A cikin wannan shekara mahaifinsa ya kwanta ciwon ajali. Ya kira shi ya damƙa masa wani agogon aljihu mai sarƙa, ya ce, “Hannunka ka auna, ka manta ba hannunka ne zai yi aikin ba. Riƙe wannan. Shi bai san Walƙiya ba, bai san Sai-Gobe ba, awa a wurinsa minti sittin ce.” Iyalinsa sun tabbatar cewa tun daga ranar agogon bai rabu da aljihunsa ba.

Abokai sun ba shi shawarar ya canja gari ya sake buɗe wata rumfar, tunda hannunsa na nan. Bai bi ba. Ya zauna ya lissafa abubuwan da bai sani ba ranar da ya kafa allo a bakin titi, ya ga sun fi waɗanda ya sani yawa, sai ya yanke shawarar bin su ɗaya bayan ɗaya.

Daga 1980 zuwa 1982 ya yi aiki a kasuwar katako a ƙarƙashin wani dillali, yana sauke kaya yana jerawa, mutumin da a da ake nuna shi da yatsa a matsayin gwani. An yi masa dariya har an gaji. A can ya koyi gane busasshen katako ta nauyi da ta ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa, ya san watannin da motoci ke maƙalewa a hanya, ya san dillalin da in ya ce Talata yana nufin Talata da wanda ke nufin wata Talatar.

A shekarar 1982 ya koma wata masana'anta a matsayin kafinta na gama-gari, ya roƙi a ajiye shi kusa da wanda ya fi kowa nawa, wani dattijo da ake kira Baba Sannu. Da agogon nan da ɗan littafi ya riƙa auna komai: yanka, gogewa, haɗi, shan shayi, salla, neman gudumar da wani ya ara bai mayar ba, gaisuwar baƙon da ya leƙo. Bayan wata shida ya gano yinin aiki ba awa takwas ba ne, awa biyar da rabi ne, sauran na zaman duniya ne. Baba Sannu, wanda da farko ya ɗauka leƙen asiri aka turo shi, ya ce masa wata rana, “Ɗana, kai lissafin zarto kake yi, ni lissafin bayana nake yi. Zarto ba ya ciwon baya.” Marigayi ya lura da wani abu kuma: a shekara biyu, ba a taɓa dawo da aikin dattijon don gyara ba.

A shekarar 1984 aka naɗa shi foman. Ya sha faɗa cewa wannan ce jarrabawar da ta fi ba shi wuya, domin dole ya tsaya yana kallon mutum yana yin aikin minti goma a minti talatin. Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa zagaya rumfa hannayensa biyu a cikin aljihu, ɗaya damƙe da agogo, in zai gyara wa mutum sai ya ja shi gefe ya yi da baki.

Shekarar 1985 da 1986 a gaban shago ya yi su, inda ake karɓar aiki, domin ya koyi cewa a'a. Nan ma sai da Sista ta sa hannu. Bayan cin abincin yamma takan zauna a gabansa ta zama mai kawo aiki.

“Oga, gado nake so jibi, 'yata za ta tare, don girman Allah ka rufa mini asiri.”

“To, bari mu ga yadda za a yi…”

“Ka faɗi! Sake. Ka ce ba zai yiwu ba, bakinka ba zai tsage ba.”

Yara na gefe suna ƙyalƙyala dariya. Ta yi wata uku tana yi masa haka kafin kalmar ta zauna a bakinsa.

Daga wurinta kuma ya sami abu na ƙarshe. Wata rana ya kai mata saƙo asibiti, ya ga mutane zaune a baranda suna jiran gado, alhali ga gado ɗaya a shimfiɗe kusa da ƙofa ba kowa a kai. Ya tambaye ta dalili. Ta ce, “Wannan na wanda bai zo ba ne tukuna. Ba mu san shi ba, amma mun san yana tafe.” Ya koma gida yana juya maganar a ransa.

Masana'anta Ta Biyu

A watan Maris na 1987, yana da shekara talatin da tara, ya sake buɗe masana'anta da ma'aikata huɗu, na farkon da ya ɗauka Baba Sannu. Kafin ya sayi injin ko ɗaya sai da ya kafa baƙin allo a bango, ya raba shi gida-gida, kowane gida yini ɗaya. Nizamin da ya shimfiɗa bai canja ba har ya bar duniya. Ana auna aiki da hannun wanda ya fi kowa nawa. Ba a yanka katakon da bai yi wata uku a rumfar shanya ba. Wanda ya riga kawo aiki shi za a riga sallama, ko wane ne na bayansa. Sannan kafin kowace ranar alƙawari ana barin gidaje biyu ba rubutu a cikinsu. In ma'aikata suka ce a cike su don a gama da wuri, sai ya ce, “Waɗannan na abin da bai zo ba ne tukuna. Ciwo, mutuwa, ɗauke wuta. Ba namu ba ne.”

Mai kawo aiki na farko wani ɗan kwangila ne da ke son ƙofofi goma sha biyu cikin mako guda. Marigayi ya dubi allo ya ce kwana goma sha tara. Mutumin ya tuntsire da dariya ya ce, “Da can sai gobe, yanzu kuma sai wata mai kamawa!” ya tafi wurin wani. Bayan wata ɗaya da rabi ya dawo da takardar awonsa a hannu, ba dariya, aka yi masa a kwana goma sha tara. A hankali labari ya bazu cewa Sai-Gobe yana da tsawon rana amma ba ya tashi daga kanta. Zuwa 1995 ma'aikatansa sun kai talatin, makarantu da asibitoci da ofisoshi na layi a allonsa. Laƙabin dai bai sake shi ba, shi ma bai taɓa hana kowa kiransa da shi ba.

Duk wannan bai sanyaya masa rai ba, domin wurin da yake so a karɓi aikinsa ba a karɓa ba. A watan Yuni na 1987 ya sa tufafinsa masu kyau ya tafi makarantar Hedimasta ya roƙi a ba shi aiki, ko benci ɗaya ne. Tsohon ya amsa gaisuwarsa, ya tambayi Sista da yara, sannan ya ce suna da kafinta. Ya koma a Yunin da ya biyo baya, da wanda ya bi masa. A shekarar 1993 Hedimasta ya rasu ba tare da ya ba shi aikin ba. Marigayi na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma Sista ta ce ba ta taɓa ganin ya yi kuka irin na ranar ba. 'Yar Hedimasta, wadda ta shimfiɗa kwalayen nan, ita ta gaji makarantar, kuma ita ma amsarta ɗaya ce. Bai fasa zuwa ba.

'Ya'yansa da Miƙa Ragama

Allah Ya albarkace shi da 'ya'ya biyar, kuma babbar ce ta bi sawunsa. A shekarar 2001 ta kammala jami'a a fannin tafiyar da kasuwanci, ta zo masana'anta da takardar shaidarta tana tambayar inda za a sa mata tebur. Ya duba takardar ya yaba, sannan ya tura ta kasuwar katako.

“Baba, da digirin nawa?”

“Da shi. Ki riƙe shi da kyau, kada ruwa ya taɓa shi.”

Ta kai ƙara wurin Sista, Sista ta ce ita ba ruwanta, ta riga ta horar da ɗaya. Shekara huɗu ta yi tana zagaya wuraren da mahaifinta ya zagaya, har da wata takwas a gaban shago tana koyon mayar da mutane cikin mutunci. Ita kuma ta kawo abin da shi bai sani ba, na rubuta yarjejeniya da kula da lafiyar ma'aikata da sababbin injuna, ya zauna ya koya a wurinta ba girman kai. A shekarar 2010 ya miƙa mata ragama, ma'aikata suka koma kiranta Manaja. Abu biyu kawai ya riƙe, alli da allo.

A shekarunsa na girma masu shirin kafa sana'a sukan zo neman shawara, masu gidan burodi, masu ɗinki, masu buga takardu. Ba ya tambayarsu ko sun iya aikin, yakan ce ai da ba su iya ba da ba su zo ba. Tambayarsa ita ce, “Wa ya fi nawa a cikin waɗanda za ka ɗauka, kuma awa nawa yake yi? Ka taɓa sayo kayan aikin da kanka? Yaushe rabonka da ka ce wa mutum ba zai yiwu ba? In aka yi maka rasuwa ana saura kwana biyu, ina aikin zai kwana?” Wanda ya rasa amsa yakan ce masa ya je ya yi wa wani aiki shekara biyu ya dawo. Da yawa sun fita suna ƙunƙuni, waɗansu kuma sun dawo da godiya.

Shekararsa ta Ƙarshe

A watan Yuni na 2019, yana da shekara saba'in da ɗaya, yana dogara sanda, ya tafi makarantar karo na talatin da uku. Ta zama babba, benaye sun kewaye tsofaffin azuzuwa shidan nan. 'Yar Hedimasta, wadda ita ma furfura ta kama, ta daɗe tana kallonsa bayan sun gaisa.

“Kai dai ba ka gajiya,” in ji ta. “Za mu gyara tsofaffin azuzuwan. Bencuna ɗari da ashirin. Litinin tara ga Satumba yara za su dawo. Ban manta kwalayen nan ba, ka sani.”

“Ni ma ban manta ba, ranki ya daɗe. Ki ba ni zuwa la'asar in duba allo.”

Da la'asar ya dawo ya ce Asabar, bakwai ga Satumba, ƙarfe goma na safe.

Manaja ta so a ture komai gefe a gama aikin tun a watan Yuli, don hankalin kowa ya kwanta. Ya ƙi. Akwai ayyuka huɗu a gaba, kowanne da ranarsa, ya ce ba zai gyara alƙawarinsa da karya na wasu ba. Da hannunsa ya rubuta jadawalin: za a fara a tsakiyar Agusta, a gama da yammacin Laraba, huɗu ga Satumba, gidan Alhamis da na Juma'a ya bar su ba komai. Kowace safiya yakan zo ya zauna a kujerarsa kusa da allo, hannayensa a aljihu. Ranar Litinin, biyu ga wata, ya zagaya bencunan, saura shafe na ƙarshe da ɗaure ƙafafun guda arba'in, aikin yini biyu cif. Ya ce wa Manaja, “Muna kan rana,” ya tafi gida yana fara'a.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Allah Ya karɓi ransa da safiyar Talata, 3 ga Satumba, 2019, daidai da farkon shekarar 1441 Hijiriyya, a kan kujerarsa ta tsakar gida, ya sa takalmi yana jiran shayi kafin ya fita. Sista ce ta rufe masa ido. An yi masa salla bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke bayan kasuwar katako, ba nisa da kabarin mahaifinsa. Dillalan katako sun rufe rumfunansu, kuma an ga masu sana'o'i da dama waɗanda ya taɓa kora su je su koyo.

Bayan an dawo, foman ya sami Manaja a zaure ya ce ma'aikata sun yi shawara, rabinsu za su koma bakin aiki yanzu, kada abin da Baba ya jira shekara arba'in ya suɓuce. 'Yar Hedimasta ma, da ta zo ta'aziyya, ta kama hannunta ta ce ko mako biyu aka ƙara ba komai, za ta aro kujeru. Manaja ta share hawaye ta gode masu duka biyu.

“Ba wanda zai taɓa guduma yau da gobe,” in ji ta. “Kuma ba za a ari kujera ba. Baba ya riga ya ajiye kwanakinsa.”

Aka rufe masana'anta Talata da Laraba. Ranar Alhamis ma'aikata suka dawo a lokacin da suka saba, suka tashi a lokacin da suka saba, ba wanda ya yi gaggawa. Da yammacin Juma'a aka ɗaure ƙafar benci na ƙarshe. Ranar Asabar, ƙarfe goma saura minti goma, motoci biyu suka tsaya a ƙofar makarantar, Manaja na gaban ta farko da agogon aljihu a tafin hannunta. Kafin azahar azuzuwa shida sun cika. 'Yar Hedimasta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana girgiza bencunan, ba wanda ya motsa. A aji na ƙarshe ta zauna a kan ɗaya, ta rufe fuska da mayafinta, aka fita aka bar ta.

Waɗanda Ya Bari

Ya rasu ya bar matarsa Sista, wadda suka yi shekara arba'in da biyar tare, da 'ya'ya biyar: Manaja, wadda ke riƙe da masana'anta, mai bi mata, malamin lissafi a makarantar sakandare, ta uku, ma'aikaciyar jinya a ɗakin da mahaifiyarta ta yi aiki, na huɗu, direban jirgin ƙasa, sai auta, mai gyaran agogo da waya a tsohon shagon kakansa. Ya bar jikoki goma sha bakwai, da ƙanwa ɗaya, da ma'aikata arba'in da biyu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya tarar da malaminsa cikin rahama.

An sayi sabon allo ana aiki da shi, tsohon kuwa yana nan a bango ba a goge ba. Jadawalin makon yana kai da rubutun marigayi, sai dai Manaja ta kwashe aikin Talata da na Laraba ta zuba a gidajen Alhamis da Juma'a da ya bari. A gidajen Talata da Laraba da ta kwashe ta rubuta kalma ɗaya, ɗaya a kowanne: Baba.